Tsohuwar da Ta Ce Sai Na Yi Santi

Shekarun baya, lokacin da mata ba su fara tuƙi a Saudiyya ba, na yi aikin direban gida a Riyad. Ba shi ne aikina na farko ba. Na yi dako, na yi kwandasta, na ja babbar mota tsakanin Kano da Legas shekara goma sha ɗaya, har ranar da ta kife da mu a wani gangare. Ni aka ciro da rai, na kusa da ni ba a ciro shi da rai ba. Daga nan na bar babbar mota. Wani ya yi mini hanya, na sauka a filin jirgin Sarki Khalid da jaka ɗaya da lasisi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na iya biyu ne, sitiyari da riƙe bakina.

Mai gidana ɗan ƙasa ne, ma'aikaci, mutum mai sauƙin kai wanda ba ya wuni a gida. Shi ne kafilina, wato a ƙarƙashin sunansa iƙamata, takardar izinin zamana, take. In ya sabunta ta ina nan, in bai sabunta ba sai jirgi. Amma ba shi nake tuƙawa ba, mahaifiyarsa nake tuƙawa. Tsohuwa ce 'yar Sham, wato Siriya, aure ya kawo ta Riyad tun da daɗewa, mijin ya rasu, ita ta ci gaba da zama. Mama muke ce mata, haka ake kiran uwar gida a can. Gajeriya ce, gwiwa ta hana ta sakat, amma muryarta tana tsallake katanga biyu. Direbobi uku ta kora kafin ni. Ɗaya wai yana taka birki kamar zai kashe kunama, ɗaya yawan waya, na ukun har yau ban san laifinsa ba.

Ni ba ta sami abin kamawa a tuƙina ba. Ba na gudu, ba na waya, ba na kallon madubin ciki. In ta ce dama, dama nake yi, ko da na san hagu ce hanya.

Aikin Mama ɗaya ne a duniya, murabba. 'Ya'yan itace ne ake dafawa da sukari a hankali har su yi sheƙi, a zuba a kwalba, su shekara ba su lalace ba. Ba irin na kanti ba ne da ake shafa wa burodi. Nata 'ya'yan itacen suna nan ɗungurungum, sai ka ga ɓaure da kamanninsa yana zaune cikin ruwan zaƙi kamar an zuba masa gilashi. Kowane lokaci na shekara da abin da take yi. Da zafi ya shigo sai wani ɗan itace mai ruwan ɗorawa da suke kira mishmish, wanda ba wuta ke ƙarasa shi ba, rana ce. Ni ke hawa saman bene da farantai da safe, in rufe su da farin mayafi saboda ƙura, in sauko da su kafin magariba, kwana huɗu ko biyar. Ranar da na ga ta jiƙa kabewa a ruwan farar ƙasa ta kwana, washegari ta zuba mata sukari, na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Mu kabewa ta miyar taushe ce.

Ba a cin murabba da yawa. Ɗan ƙaramin faranti ne, da cokalin shayi, da kofin ruwan sanyi a gefe. Cokali ɗaya ko biyu, ka kora da ruwa, shi ke nan. Duk ranar da ta sauke sabuwar tukunya, da kanta take dogaro sanda ta zo ƙofar baya ta kicin, ta ƙwala kira, “Ya ibni,” wato ɗana. In fito daga ɗakina na bakin ƙofa, ta miƙo mini, ta tsaya tana kallona. In yi bisimilla, in ci, in sha ruwa, in ce alhamdulillahi, na gode, in mayar mata da faranti. Fuskata ba ta motsi.

Gaskiyar magana, ranar farko da na sa ɓauren nan a baki sai da na ji kunnena ya motsa. Na danne. Ni a rayuwata sau ɗaya na taɓa yin santi. Ina sabon kwandasta, mun kwana biyu a daji mota ta lalace, muka iso wata tasha aka ba mu tuwo da man shanu, sai na ji bakina yana yabon fentin rumfar mai abincin. Shekara biyar direbobi suna tambayata ko in kawo musu fenti. Daga ranar na ɗaure wa bakina igiya. Ko me aka ba ni, in ya fi daɗi, shirun ya fi yawa. A ganina wannan shi ne mutunci, kuma shi nake ba tsohuwar nan.

Haka muka yi kusan shekara biyu.

Wata Juma'a da safe ina wanke mota mai gidana ya zo ya tsaya. Ya daɗe yana kallon taya kafin ya yi magana. Ya ce Mama tana son a canja direba. Ya ce ba laifin tuƙi ba ne, kuma shi ba shi da wani ƙorafi a kaina, ya ma yi ƙoƙarin ba ta baki ta ƙi. Na tambaye shi me na yi.

“Ta ce kana ƙyamar hannunta,” in ji shi.

Ya ce iƙamata saura mako shida, zan ci gaba da aiki har ta ƙare. Zai duba ko akwai wanda zai karɓe ni, amma bai yi alkawari ba. Na ce to. Iyakar abin da na ce ke nan. Na ƙarasa wankin motar, na shiga ɗaki na zauna a bakin katifa. A gida akwai mahaifiyata da matata da 'ya'ya huɗu, duk daga sitiyarin nan suke ci. Ɗakin da na fara ginawa ya kai linta, ba a rufa ba. Kuma ban gane laifina ba. Ban taɓa barin ko ɗigo a farantinta ba.

Bayan sallar Juma'a na tafi unguwar Shumaisi wajen abokina. Tela ne, a can aka haife shi, iyayensa mutanen Sakkwato ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Na ba shi labari. Sai ya miƙo mini cokalin shayinsa da murfin gwangwani, ya ce in nuna masa daidai yadda nake yi in ta ba ni. Na nuna masa. Na ci iska, na sha ruwan ƙarya, na ce alhamdulillahi, na miƙa masa murfin.

Ya yi dariya har almakashi ya faɗi. Ya ce wallahi ko maganin zazzaɓi aka ba mutum ya fi haka sakin fuska. Ya ce su mutanen Sham in mace ta ba ka abin da ta dafa, sai ka lumshe ido, ka kaɗa kai, ka tambaye ta yadda ta yi, ka rantse ba ka taɓa cin irinsa ba, ka sa wa hannunta albarka. A wurinsu shiru zagi ne, kuma ni na shekara biyu ina zagin tsohuwar mutane a ƙofar kicin ɗinta.

Na ce ai wannan santi ne.

“Santi ne mana, malam direba,” in ji shi. “A nan santi ladabi ne. Kai kuma ba ka da shi.”

Ya koya mini abin da zan ce, tislam ideki, Allah ya kiyaye hannunki. Ya sa na maimaita ya fi sau ashirin yana ɗinki yana gyara mini. Ya ce in ƙara da murmushi, da na gwada sai ya ce a'a, in bar murmushin, zan tsorata ta.

Bayan kwana uku ta yi ma'amul, wani ɗan cincin mai laushi da ake cusa wa dabino a buga shi a cikin katako mai zane. Ta kira ni, ta miƙo. Tun abin yana hannuna, bai kai baki ba, na faɗi kalmar da ƙarfi kamar ina amsa wa ɗan sanda a shingen hanya. Kuma na ɓata ta, na faɗi irin wadda ake faɗa wa namiji. Mama ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta tambaye ni wa ya koya mini. Na ce abokina. Ta karɓe farantinta da ma'amul ɗin a kai, ta ce aku ma ana koya masa magana, ta rufe ƙofa.

Kwana goma ba ta sake kirana ƙofar kicin ba. Ina jin ƙamshi yana wucewa ta tagar ɗakina. A mota ba dama ba hagu, sai ta faɗi wurin da za mu ta yi shiru. Na fara tattara kayana a hankali.

Lokacin sanyi ne, lokacin wani lemo mai ɗaci da suke kira naranj. Ba a shan sa, ɓawonsa ake so. Akwai wata gona a bayan garin Dir'iyya, cikin kwari, mai bishiyoyinsa uku, can take saye duk shekara. Muka je, na loda kwali huɗu, muka juyo. A hanya muka tarar da manyan motocin gini sun toshe titi, muka tsaya cik. Motar duk ta cika da ƙamshin lemo. Sai na ji Mama ta fara magana, ba da ni ba. Ta ce a tsakar gidansu a Sham akwai bishiyar naranj da ta fi rufin gida tsawo, ƙanwarta ke aiko mata duk shekara a cikin akwatin matafiya. Yanzu yaƙi ya tashi ƙanwar daga gidan, ba wanda ya san ko bishiyar tana nan. 

Can sai ta ce in gaya mata gaskiya, tunda dai tafiya zan yi. Abincinta ƙazanta nake gani, ko ita ce ba na so?

Na kashe mota, tunda ba inda za mu. Larabcina na kasuwa ne da gareji, da shi na yi. Na ce mata a garinmu akwai wani abu, sunansa santi, ban san sunansa da Larabci ba. In abinci ya yi daɗi ƙwarai, sai mutum ya saki baki ya faɗi maganar da ba ta da kai, bai san ya faɗa ba. Kowa ya yi masa dariya, a yi ta tsokanarsa, wani har ya tsufa. Saboda haka babban mutum ba ya magana a kan abinci. Na ce abincinta ba ƙazanta ba ne. Shekara biyu ke nan nake kokawa da bakina a gabanta.

Ta maimaita kalmar sau biyu, santi, santi, kamar tana ɗanɗana ta. Ta tambaye ni to ita mai girkin ta yaya za ta san ta iya. Na ce faranti zai dawo ba komai. Ta ce mai yunwa ma yana share faranti. Na yi tunani, na ce in wani ya yi santi, ana yi masa dariya, ita kuma mai girkin ta shiga ɗaki tana jin daɗi. Ban taɓa lura da haka ba sai da na ji ya fito daga bakina.

Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Likita ya hana ta zaƙi shekara tara. Duk tukwanen nan da take saukewa ko cokali ɗaya ba ta ci. Ɗanta yana gudun ƙiba, jikokinta sun fi son alewar kanti, maƙwabta kuma in ta aika musu ba ta ganin lokacin da suke ci.

“Da fuskar mutane nake ci,” in ji ta. “Taka kuma bango ce.”

Motocin gaba suka fara motsi, na tayar da tawa. Muna hawa babban titi ta ce saura mako nawa. Na ce huɗu. Ta ce to, mako huɗu. Ba ta son maganar aku. In hannunta ya sa na yi wannan santin na gaskiya, in zauna. In bai sa ba, ba ta da amfani da ni, ni ma ba ni da amfani da ita. Ranar ce kaɗai na kalli madubin ciki, ko zan ga alamar wasa. Ban gani ba.

Daga washegari aka fara. Ba na jin akwai direban da aka taɓa ciyarwa haka a garin Riyad. Ta yi baƙalawa, mai ɓawo siriri kamar takarda, hawa kan hawa, da koriyar gyaɗarsu a tsakiya. Ta yi kunafa, ta ce a tsaye ake cin ta tun tana tururi, kafin cukun da ke ciki ya huce ya daina ja. Wata safiya ta kawo zuma da saƙarta a kan kirim mai kauri kamar kan kindirmo, da gurasa mai zafi, ta ce ba da cokali ba, da hannu, in dangwala har ƙasa. Ta buɗe kwalbar kabewar nan da na raina, na ciza na ji ta ce ƙaras, cikinta kuma ruwan zaƙi ne. Mai gidana ya wuce ya gan ni da faranti, ya ce Mama za ta kashe ni kafin iƙamar ta ƙare.

Matsalar ita ce yanzu ina so in yi, abin ya ƙi. Santi ba a yin sa da niyya. Kamar a ce maka yi atishawa yanzu ne. Tana tsaye da sanda tana kallon bakina, ni kuma ina tauna ina tuna linta da bakin mutum shida, sai haƙorana su ƙara datsewa. Sau ɗaya na yi tunanin in ƙirƙiro wata maganar banza in faɗa. Na dubi idon tsohuwar na fasa. Wadda ta gane aku za ta gane ɗan wasan kwaikwayo. Abokina tela ya ba ni shawara in wuni da yunwa kafin in ci. Na gwada. Na cinye da sauri, shiru.

Ana cikin haka aikin naranj yana tafiya, shi kuwa ba ya son gaggawa. A kankare bayan lemon sama-sama, a yanka ɓawon tsaye, a naɗe kowane yanki kamar tabarma, a soke shi da allura a jera a zare kamar carbi don kada ya warware. Yatsun Mama sun daina lanƙwasuwa, ni na karɓi allurar. A tsakar gida muke zama da hantsi, ita a kujera, ni a kan akwatin lemo da na kifa. Sai a tafasa, a jiƙa a ruwan sanyi, a riƙa canja ruwan safe da yamma har ɗacin ya fita. Ni ke ɗaukar bahon. Kullum sai ta gutsuro kaɗan ta ba ni ta ce yaya. In ce da saura. Wannan maganar aiki ce, ina iya yin ta. A kwana na shida na ce ya kusa fita duka, sai ta ce a tsaya nan. Ba a cire shi gaba ɗaya. In babu ɗacin, sukari kawai mutum zai ci.

Ta dafa shi a wuta kaɗan-kaɗan, ta sauke, ya kwana a tukunya, ta mayar, ta sake saukewa. Iƙamata saura kwana biyar. Jakata tana ɗaure. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Da safe ta sa ni zuba shi a kwalabe a kan teburin tsakar gida. Ranar ba ta da lokacina. Ƙanwarta ta samu layi daga inda suka yi hijira, Mama tana zaune ta ba ni baya, waya a kunne, tana faɗa tana dariya tana share ido. Na cika kwalba tara. A gindin tukunya akwai guda ɗaya da ya warware ya karye. Na nuna mata daga nesa. Ko juyowa sosai ba ta yi ba, ta kaɗa hannu ta ce karyayye ba ya shiga kwalba, in cinye, ga sauran farin cuku na karin kumallo nan, in ɗora a kai. Ta koma wayarta.

Ba faranti, ba cokali, ba kofin ruwa, ba mai kallona. Na yagi gurasa, na sa cukun mai gishiri, na ɗora ɓawon lemon, na jefa a baki ina tunanin murfin kwalba. Gishiri ya fara zuwa, zaƙi ya biyo, sannan ɗan ɗacin nan ya taso daga baya da ƙamshin da ya cika mota ran nan. Ban san lokacin da na lumshe ido ba.

Sai na ji wani yana magana da Larabcin gareji.

“Mama, ai Madina ba nisa. Mu je mu dawo kafin azahar.”

Madina tafiyar wuni guda ce daga Riyad. Kuma bakin bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa tayoyin motar nan mutanen kirki ne. Daga nan na buɗe ido na ga gurasa a hannuna, na gane muryar wa ce.

Mama ta sauke waya daga kunne a hankali. Ta juyo da kujerar gaba ɗaya.

“Wannan shi ne?”

Na ce shi ne.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na kawo mata ruwa. Ta mayar da waya kunne tana ba ƙanwarta labari, ina jin kalmar santi tana tafiya wata ƙasa. Da ta gama ta tambaye ni me ake yi wa mutum a garinmu in ya yi. Na ce ana cewa a sa masa waigi, a tokare shi kada ya faɗi. Ta miƙo sandarta ta tokare mini baya da ita, ta ce in ƙarasa gurasar. Na ƙarasa. Kunya ta ishe ni, amma ban mutu ba.

Kwana biyu bayan haka mai gidana ya miƙo mini sabuwar iƙama ta tagar mota. Bai yi wani bayani ba. Ya ce, “Madina, ko?” ya wuce. Abokina tela kuwa har na bar ƙasar in na shiga shagonsa sai ya tambaye ni lafiyar tayoyi. Na ƙara shekara huɗu a gidan, kuma da kaina na ce zan koma, lokacin da jikarta ta samu lasisi. Na taɓa tambayar mai gidana ko da gaske korata za ta yi in ban yi ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma shekara hamsin yana tare da ita bai taɓa gwada ta ba.

Santin bai zama ɗabi'ata ba. A shekara huɗun nan sau uku kawai ta ƙara kama ni, kuma tana ƙirgawa. Amma na koyi kallon fuskarta in na ci, in gaya mata abin da na ji, ko da kalma biyu ce. Wannan ya fi na bara. Wannan wuta ta yi masa yawa. Na biyun ma tana jin daɗinsa, bayan ta gama faɗa.

Yau in na tuna, abin da ke ba ni mamaki ba santin ba ne. Shekara biyu ina ganin girmama ta nake yi, ita kuma tana komawa kicin da faranti wanke tas da zuciya a ɓace. Mutuncina nake tsarewa, ban taɓa tunanin wanda ya tsaya a gaban wuta ba. Na sha wuya a duniya, na ɗauka duk wanda ya sha wuya ya san mutane. Ashe akwai abin da ban sani ba, kuma a ƙofar kicin yake.

Da na dawo gida gaba ɗaya, ranar farko matata ta yi tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Shekara goma sha tara ina cin tuwon matar nan ban taɓa ce mata komai ba. Na yi loma uku, na ɗaga kai na ce mata miyar nan ta yi daɗi, Allah ya kiyaye hannunki. Ta tsaya da ludayi a hannu. Ta dube ni, ta dubi mahaifiyata, ta tambaye ni ko lafiya, ko zafin Saudiyya ne ya taɓa ni. Na ce lafiya lau.

“Ci ka yi shiru,” in ji ta, “yara na kallo.”

Ta juya ta koma gindin murhu. Da ta dawo, tsokar da ta fi kowace girma a tukunya ta ajiye a gefen kwanona, ba ta kalle ni ba.